Governess: da wane suna za mu kira ta?

Jama'a, ga wata kalma da ke tsaya wa masu fassara a maƙogwaro: governess. Duk mai karanta littattafan marubuta mata na Ingila a zamanin Sarauniya Biktoriya ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da ita, don wasu daga cikin marubutan ma da wannan aiki suka fara neman abin sawa a baki.

Mu fara da sanin ko wace ce. Mace ce mai ilimi, ba ta da aure, galibi 'yar limamin coci ko 'yar attajirin da ya karye. Sai ta tare a gidan masu hali, can take kwana can take tashi, tana koya wa 'ya'yansu karatu, lissafi, Faransanci, fiyano, zane da ladabin zama da mutane. Ƙidayar 1861 ta nuna sun kai kusan 25,000 a Ingila da Wales. A lokacin ƙalilan ne ayyukan da 'yar mutunci za ta yi a biya ta ba tare da an ce ta zubar da girman gidansu ba, wannan na cikinsu.

Charlotte Brontë ta yi shi a gidan Sidgwick a 1839, ta sake a gidan White a 1841, kan fam 20 a shekara. Ƙanwarta Anne ta fi ta jimiri: bayan an sallame ta daga gidan Ingham, ta zauna a gidan Robinson na Thorp Green daga 1840 har 1845. A 1847 littattafansu, Jane Eyre na Charlotte da Agnes Grey na Anne, suka fito, kowanne tauraruwarsa governess ce. Ba labarin ji suka rubuta ba.

A neman fassararta da Hausa, wata 'yar'uwa ta kawo "mai raino". Hajiya, ina ganin wannan ya yi ƙasa. Gidajen nan suna da mai raino tasu daban, wadda ke yi wa jarirai wanka da ba su abinci, kuma a cikin barori ake lissafa ta. "Uwar goyo" ma haka, ga shi ta zo da ƙauna da kusancin da ita wannan baiwar Allah ba ta cika samu ba.

"Malamar lesin" ta fi kusa, sai dai malamar lesin tana gama sa'o'inta ta saɓa jaka ta tafi gida. Wannan kuwa ba ta da gidan zuwa. Yara sun kwanta ma aiki bai ƙare ba: Charlotte ta rubuta wa ƙanwarta Emily tana kukan yadda matar gidan ke jibga mata ɗinki, har da kayan 'yar tsana.

Abin da nake so kalmarmu ta kama shi ne wannan tsaka-mai-wuyar. Ita ba baranya ba ce, don asalinta da iliminta sun yi daidai da na uwargidan, wani lokaci ma sun fi. Ba kuma 'yar gida ba ce, tunda albashi ake biyanta. Barori na jin haushin yi mata hidima, iyayen gida ba sa jan ta hira. Sau da yawa ita kaɗai take cin abinci a ɗakin karatun yara. Jemage ke nan, ba tsuntsu ba, ba dabba ba.

Elizabeth Gaskell, a tarihin Charlotte da ta fitar a 1857, ta ba da wani labari. Wani ƙaramin yaro a gidan da Charlotte ke aiki ya jefe ta da dutse a gefen goshi. Da uwar ta tambayi abin da ya same ta, sai ta ce tsautsayi ne, ta rufa masa asiri. Wata rana ana cin abinci yaron ya kama hannunta ya ce yana son ta. Uwar, a gaban sauran yaran, ta yi mamakin wai governess ce za a so. Duk kalmar da za mu zaɓa, dole ta iya fitowa daga bakin matar nan da wannan yatsinar.

Shi ya sa ban karɓi "murabbiya" da wani malami ya kawo ba, duk da na yarda ita ce ta Larabci. A kunnen Bahaushe ta cika kwarjini, ba a yatsina a faɗe ta. "Malamar tarbiyya" sai ka ɗauka ta Islamiyya ce. "Malamar gida" kuwa, wani zai zaci matar malam ake nufi.

Ni dai na tsaya a kan malamar raino. "Malama" ta ba ta iliminta da darajarta, "raino" ya mayar da ita cikin gidan wani, a kan 'ya'yan wani. Kuma raino a wurinmu bai tsaya a goyo ba, ai mukan ce wane rainon kakarsa ne, tarbiyya muke nufi. Wani ƙanena ya ce in dai haka rayuwarsu take, a ce "malamar raini" kawai. Ya ba ni dariya, amma a bar masa wannan.

A gwada a jimla: Jane Eyre ta samu aikin malamar raino a gidan Thornfield, fam 30 a shekara. Louise Lehzen ita ce malamar rainon Biktoriya tun tana ƙarama. An buɗe Kwalejin Sarauniya a Landan a 1848 don a ilimantar da malaman raino. Duk sun zauna, jam'in ma bai ba da wahala ba.

Saura namijin. Branwell, yayan Anne, ya koyar da ɗan gidan Robinson daga 1843 zuwa 1845, su tutor suke ce masa. "Malamin raino" bai yi mini daɗi a baki ba. Shi kam "malamin gida" za ta iya ɗaukarsa, ko akwai mai wadda ta fi?