Patrick Roy: shin gwanintar tsaron raga ce ta mayar da shi koci?

Mai-Nazari:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Kwanan nan na fara bibiyar wasan hoki na kan ƙanƙara, musamman gasar NHL ta Amurka da Kanada, sai na ci karo da tarihin Patrick Roy, wanda ya ɗauki Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, sau huɗu yana mai tsaron raga, daga baya kuma aka zaɓe shi kocin shekara. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Wayne Gretzky, wanda ya fi kowa maki a tarihin gasar, bai taɓuka abin kirki ba da ya zama koci. Me ya bambanta su?

Tsohon-Ɗan-Kallo:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yi maganar horarwa, ya kamata a san irin ɗan wasan da Roy yake. An haife shi a birnin Quebec a 1965, kuma yana da shekara 20 kacal ya kai Montreal Canadiens ga lashe kofi a 1986, aka kuma ba shi kambun Conn Smythe na gwarzon zagayen fitar da gwani. Ya maimaita haka a 1993, shekarar da ƙungiyar ta ci wasa goma a jere a ƙarin lokaci. Shi da mai horar da shi François Allaire suka yaɗa salon durƙusawa a kan gwiwoyi da baje ƙafafu don toshe ƙasan raga, salon da kusan kowane gola yake bi a yau.

Halinsa kuwa ya fito fili ne a daren 2 ga Disamba, 1995, lokacin da koci Mario Tremblay ya bar shi a raga har Detroit ta zura masa tara. Da aka cire shi, sai ya wuce kocin ya nufi shugaban ƙungiyar, Ronald Corey, wanda yake zaune a bayan benci, ya shaida masa cewa ya buga wasansa na ƙarshe a Montreal. Bayan kwana huɗu aka miƙa shi ga Colorado Avalanche, inda ya ƙara kofi biyu, a 1996 da 2001, kafin ya yi ritaya a 2003.

Amsar tambayarka, a ganina, tana cikin abin da ya biyo bayan ritayar. Roy ya koma gida ya kama ƙungiyar matasa ta Quebec Remparts, ya ci Kofin Memorial na zakarun matasan Kanada a 2006, ya kuma shafe shekaru yana fama da yara masu tasowa da doguwar tafiya a bas. Sai a 2013 ya karɓi Colorado. Gretzky kuwa ya hau kujerar kocin Phoenix Coyotes a 2005 ba tare da ya taɓa horar da wata ƙungiya ba, ya yi kaka huɗu bai kai zagayen fitar da gwani ko sau ɗaya ba.

Mai-Ja:

Ranka ya daɗe, bayaninka ya gamsar, amma ina ganin an ɗan matsa wa Gretzky. Coyotes ɗin da ya riƙa ba ta da ƙarfin 'yan wasa, kuma matsalar kuɗi ta kai ta ga shelar karyewa a 2009. Shi ma Roy, duk da kambun Jack Adams na kocin shekara da ya samu a 2014, Minnesota ta fitar da shi a zagayen farko na fitar da gwani a shekarar, kaka biyun da suka biyo baya kuma bai kai ko nan ba, sannan ya ajiye aiki a watan Agusta na 2016 saboda yana ganin ba a ba shi ta cewa a zaɓen 'yan wasa. Wannan zafin ran na 1995 ne dai bai bar shi ba. A wasansa na farko a matsayin kocin Colorado ma sai da ya ture gilashin da ke raba benci zuwa ɓangaren kocin Anaheim.

Tsohon-Ɗan-Kallo:

Ban musa ba, Malam. Sai dai ka duba abu ɗaya da tsaron raga ya koya masa: ya riƙa cire golansa da wuri, wani lokaci saura fiye da minti uku a tashi, domin a ƙara mai kai hari, alhali yawancin kociyoyi suna jira sai minti ɗaya ya rage. Bayan barin Colorado ma bai raina komawa Remparts ba, ya sake cin Kofin Memorial a 2023, kuma bayan wannan nasarar New York Islanders ta ɗauke shi a watan Janairu na 2024.