Wanda ya taɓa tayar da tsohon amfilifaya ya zo mu ji yadda ya kaya

Ɗan Fagge: Salam jama'a. Muna kwashe kayan ɗakin marigayi Baba na ci karo da Pioneer SX-780 ɗinsa, irin na 1978 ɗin nan mai rediyo a haɗe, ya fi shekara 20 ba a kunna ba, ƙura kam ba a magana. Hannuna har ƙaiƙayi yake in jona shi amma na ce bari in fara jin ta bakin waɗanda suka riga ni.

Mai Ayan: Allah ya jiƙan Baba. Ƙanena don Allah kar ka jona kai tsaye. Fara juya bayansa ka karanta ƙarfin wutar da yake ci, na kasuwar Amurka volt 120 yake ci, na Japan 100, mu kuma tamu 230. Ni da hannuna na gasa tiransifoman wani, ko minti ɗaya bai yi ba ɗaki ya turnuƙe, wlh har yau in na tuna warin nan raina ɓaci yake. Tun daga ranar sai na ratsa ƙwai mai zare na wat 60 ko 100 a layin wutar, in ya yi haske ya dushe lafiya lau, in ya tsaya tangararan to akwai shot a ciki, kashe.

Baban Biyu: Amin. Ni nawa kuskuren zumuɗi ne, na zauna dare ɗaya na canza kondensa (ƴan gwangwanayen nan masu tara wuta) kusan 40 ban gwada ko sau ɗaya a tsakani ba, ashe na juya ƙafar guda ɗaya, ina kunnawa sai ji na yi tas kamar nokawut, takarda ta watsu ko'ina, uwargida ta fito da gudu. Yanzu allo ɗaya nake yi, in ɗau hoto kafin in cire komai, in gwada, sannan in wuce gaba. Kuma manyan kondensan nan guda biyu suna riƙe wuta ko an zare fulogi, a sauke ta da razista tukuna.

Mai Ayan: Ni gsky ban yarda da a canza duka ba, sai wanda ya kumbura ko ya yi yoyo ko mita ta ƙi shi.

Baban Biyu: Oga ruwan cikinsu bushewa yake fa, shekara sama da 40 ga zafin garin nan, ai gara a huta gaba ɗaya.

Na Tudun Wada: Ku bar ta kondensa, jabu ne bala'in. Irin naka STK-0050 (ƴan na'urorin da ke ƙara ƙarfin sauti) guda biyu ne ke tura sifika kuma an daɗe da daina yin na asali. Na sayi "sabo" a wani shago, rubutu tsaf, kwana uku ya yi ya tafi min da wufa (babbar sifika) ɗaya. In naka na aiki kar ka taɓa su, sabon man nan na lantarki mai janye musu zafi kawai za ka sa musu, kuma ka auna bakin sifika da mita kafin ka jona mai tsada. Wani amfilifaya kuma da ya zo min yana ƙarƙar kamar ana soya ƙwai, tiransista 2SC458 ne, ƙafafun sun yi baƙi, na sa KSC1845 shiru kake ji, amma jerin ƙafafunsu ba lallai ya zo ɗaya ba, a duba.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai yayyena. Na juya bayan yanzu, 120 ne a rubuce, Allah ya tsare. To ƙwai mai zaren nan a ina ake samu yanzu, duk inda na tambaya LED suke miƙo min.