Tsohuwar kwamfutarmu mai Windows 98 tana ta kashe kanta tana tashi, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. A shagon buga takardu na mahaifinmu akwai wata tsohuwar kwamfuta Pentium III mai Windows 98 SE, ita ke tuƙa injin yankan sitika. Injin da faffaɗar igiyar firinta ta da yake aiki, manhajarsa kuma ba ta hawa sabon Windows, shi ya sa muke lallaɓa ta. Matsala biyu ke damunmu. Idan an daɗe ana aiki sai ta yi nauyi, rubutu ya fara ɓacewa a allo, dole sai an kashe an kunna. Sannan kwanan nan ana tsakiyar yanka sai allo ya yi baƙi ta tashi da kanta, sitikar ta lalace. Baba ya ce haka Windows 98 take tun asali. Gaskiya ne, ko da abin yi?

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam ƙanena. Baba ya yi gaskiya a kan ta farko, amma ta biyun ba halin Windows 98 ba ne. Ciwo biyu ne daban.

Nauyin nan daga gininta yake. Windows 95 da 98 da Windows Me suna da wasu 'yan ƙananan ma'ajiyoyi masu girman kilobait 64 kacal, inda ake riƙe bayanan tagogi da maɓallai da zane. Duk manhajar da ka buɗe sai ta ɗiba, da yawansu kuma ba sa mayar da duka idan an rufe su. Ko ram, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke aiki da ita idan tana kunne, nawa ka ƙara wurin nan ba ya faɗaɗa. Ka danna linzami na dama a kan My Computer, ka shiga Properties, sai Performance, za ka ga kason da ya rage. Ka duba da safe, ka sake dubawa da la'asar, za ka gani da idonka. Maganinsa ka shiga msconfig, manhajar saita abin da ke tashi idan an kunna, ka cire tarkacen da ke tashi tare da Windows, sannan ku riƙa kashewa da kunnawa lokacin da aka fita sallar azahar, kafin ta kai ga shaƙewa.

Amma Windows 98 idan ta samu matsala tsayawa take yi, ko ta kawo shuɗin allo tana jiran ka danna madanni. XP ce aka saita ta tashi da kanta bayan shuɗin allo. Saboda haka tashin ba zata a 98 ka fara zargin kayan cikin kwamfutar, ba manhaja ba.

Wata 'yar'uwa mai koyar da kwamfuta: Na ƙara da wannan don ka san Baba bai yi ƙari ba. Akwai wani kuskure a Windows 95 da 98 da ke sa kwamfuta ta sandare idan ta yi kwana 49.7 a kunne ba hutu, saboda ma'aunin lokacinta ya cika. Sai a 1999 Microsoft ta fitar da gyaransa. Ku da kuke kashewa kowane dare wannan bai shafe ku ba. Amma idan kun ga kun ce ta mutu sai ta sake tashi, wannan sanannen ciwon 98 SE ne, kuma shi ma an fitar masa da gyara.

Wani ɗan'uwa: Malam ka huta da wahala, ka ɗora mata XP ko Windows 2000. Su a kan NT aka gina su, wato wani tushen Windows daban da na 98, manhaja ɗaya ba ta cika kayar da kwamfuta gaba ɗaya ba.

Mai gyaran kwamfuta: A'a ɗan'uwa, kada ya yi gaggawa. Ƙarfin NT gaskiya ne, amma NT ba ta barin manhaja ta taɓa ramin firinta kai tsaye, kuma direbobin VxD na 98, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da na'urori, ba sa aiki a kanta. Zai iya samun kwamfuta lafiyayya, injin yanka kuma ya zauna. Kuma in wuta ce ke yankewa a cikin bod, babban allon lantarkin kwamfutar, XP ma faɗuwa za ta yi.

Ƙanena, ka zare wuta, ka buɗe akwatin, ka haska fitila a kan kafasitocin da ke kewaye da furosesa, wato 'yan gwangwanayen nan masu riƙe wuta da ke kusa da ƙwaƙwalwar kwamfutar. Samansu ya kamata ya zama shafe. In ka ga wanda ya kumbura ko yake fitar da wani abu ruwan ƙasa, to ka kama ɓarawon. Kwamfutoci da yawa da aka ƙera daga wajen 1999 zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya sun zo da kafasitoci marasa inganci. Duk mai gyaran talabijin da ya iya riƙe ƙarfen narka dalma zai canza maka su. Akwatin wutar ma yana da nasa a ciki, amma shi kada ka buɗe da kanka, yana riƙe wuta ko an zare shi. Ka ari wani ka gwada. Ka hure ƙurar hunturu, ka tabbata fankar furosesa tana juyawa, ka cire ram ka goge bakinsa ka mayar, sannan ka bar Memtest86, manhajar gwada lafiyar ram, ta bi ta kansa.

Mai tambaya: Na gode Yaya, Allah ya saka da alheri. Na buɗe, akwai kafasitoci kusa da furosesa da suka kumbura. Kuma na lura abin ya fi faruwa idan muna kan janareta aka kunna babban injin buga takarda.

Mai gyaran kwamfuta: To ka gani. Wuta na ɗan yin ƙasa, kafasitocin da suka gaji ba sa iya riƙe ta. A canza su da masu lamba iri ɗaya, a kula da gefen da ake juya ƙafafunsu, a sa mata UPS, na'urar batir mai riƙe wuta idan ta yi ƙasa ko ta ɗauke, ita kaɗai. Kafin ka kai bod ɗin gyara, ka kwafe faifan ajiyar gaba ɗaya zuwa wani, domin duk faɗuwar da take yi tana iya ɓata fayil a FAT32, tsarin ajiyar fayil na 98, manhajar injin nan kuwa samunta yanzu aiki ne. Kuma kada a haɗa ta da intanet ko a riƙa cusa mata filashin kwastomomi, tun Yulin 2006 Microsoft ta daina yi wa 98 gyaran tsaro.