Dalmar da ta shiga jikin uwa tun tana yarinya, za ta iya kaiwa ga ɗan cikinta?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Ƙanwata tana cikin yaran da aka yi wa magani lokacin da gubar dalma ta afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, annobar da ta kashe yara fiye da 400. Yanzu ta yi aure, tana da juna biyu na wata huɗu. Shin abin ya wuce tun da ta warke, ko akwai sauran fargaba game da jaririn?

Hajiya Unguwarzoma:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Akwai sauran abin lura, domin dalma ba ta barin jiki gaba ɗaya, tana kwanciya cikin ƙashi shekara da shekaru. Idan ciki ya samu, jikin uwa yakan ɗebo sinadarin kalsiyam daga ƙashinta don gina na jariri, sai dalmar ta biyo shi cikin jini, kuma mabiyiya ba ta tare ta. Tana iya jawo hawan jini ga uwa, haihuwar bakwaini ko jariri marar nauyi, amma mafi muni shi ne taɓa ƙwaƙwalwa, wanda sau da yawa ba a gane shi sai yaro ya yi jinkirin magana ko karatu ya gagare shi. Sai ƙanwarki ta faɗa wa masu awo tarihinta, ta nemi a auna dalmar jininta, ta kuma riƙe ƙwayoyin kalsiyam da na ƙarin jini, domin mai ƙarancinsu ta fi saurin zuƙar dalma.

Malam Na Bagega:
Hajiya ta yi bayani, sai dai ni na fi tsoron sabuwar dalma a kan tsohuwa. Idan maigidanta yana haƙar zinariya, kada a niƙa dutse a cikin gida, kada ya shigo da tufafin aiki, don ƙurar dutsen tana iya ƙunsar dalma, kada kuma a ƙona zaiba kusa da ita, don hayaƙinta guba ne. Ta daina sa kwallin dutse, ta bar cin farar ƙasa ko da kwaɗayin ciki ya matsa mata, don su ma suna iya ƙunsar dalma.

Hajiya Unguwarzoma:
Haka ne, Malam. Ƙari a kan wannan, maganin fitar da dalma da aka ba yara a wancan lokacin ba a ba mai ciki sai awon jini ya nuna dalmar ta yi yawa ƙwarai, kuma a hannun likita, saboda haka kada ta nemi wani jiƙo da sunan wankin jini.

Maman Khalifa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan raka ta awo na gaba in yi musu bayanin da kaina.