Wace manhaja ta fi dacewa da masu fara koyon rubuta shirin kwamfuta?

Malamin kwamfuta:
Assalamu alaikum. Ina koyar da ɗaliban ƙaramar sakandare, kuma na lura cewa idan na fara musu da Python, wato wani harshen rubuta shirin kwamfuta, kai tsaye, yawancin darasin yana ƙarewa wajen neman inda aka manta baka ko alamar zance, har yara su gaji kafin su fahimci abin da ake nufi da maimaita umarni. Kwamfutocinmu tsofaffi ne, intanet kuma ba kullum ake samu ba. Da me kuke ba ni shawara in fara?

Malama daga Zariya:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ku fara da Scratch, wadda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007. Yaro ba ya rubuta umarni, yana jawo tubala masu launi ne ya haɗa su, kuma tubalin da bai dace da wuri ba ba zai shiga ba, saboda haka kuskuren rubutu ba ya tasowa. Akwai nau'in da ake saukewa sau ɗaya a yi aiki da shi ba tare da intanet ba.

Injiniyan manhaja:
Na yarda da Malama, amma kada a daɗe a kai fiye da zango ɗaya, domin wahalar tana jiran yaro ranar da aka ce ya rubuta da hannunsa. A nan nake ganin amfanin Thonny, manhajar rubuta Python don masu koyo, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Tartu ta Estoniya. Tana zuwa da Python a cikinta, ba ta da nauyi, tana kuma barin ɗalibi ya bi shirinsa layi bayan layi yana kallon yadda ƙimar da aka ajiye a ƙarƙashin kowane suna a cikin shirin take sauyawa. Ku haɗa ta da kunkurun zane da Python ta gada daga harshen kwamfuta na Logo na 1967, wato wata 'yar alama da take tafiya a kan allo tana ja layi bisa umarni: a ce ya yi gaba taku 100, ya juya dama digiri 90, a maimaita sau 4, sai murabba'i ya fito. Wanda ya manta juyawa zai ga dogon layi, ya gane kuskurensa da kansa.

Malama daga Zariya:
Akwai kuma manhajar Hedy, wadda masaniyar kwamfuta Felienne Hermans ta ƙirƙira, tana shigo da alamomin rubutu mataki-mataki har a kai ga Python, sai dai galibi a shafin intanet ake amfani da ita, don haka ku ajiye ta sai ranar da kuka samu data.