Hular sanyi mai kitso tana matse kan yaro, ina mafita?

Assalamu alaikum, masu saƙa. Huluna biyu nake saƙawa da zaren ulu matsakaicin kauri, tawa da ta yaro mai zagayen kai santimita 50, da tsinken saƙa na zagaye mai kaurin milimita 4.5.

Ta yaron ce ta gagara. Na ɗora madauki 80 (lanƙwasar zaren da ake jerawa kan tsinke), tsayin bakin hular santimita 5, madauki biyu na saƙar gaba, biyu na saƙar baya, ya zauna daidai. Daga nan kitso takwas (adon saƙa mai kama da kitson gashi), kowanne madauki 6 da na baya 4 a tsakani, ana harɗe uku kan uku duk zagaye na shida. Harɗewar tana janye saƙar, har zagayen jikin hular ya koma santimita 40, ba ya buɗewa kamar bakin.

Shin in ƙara madauki 10 bayan baki, kitso ya zama tara, ko in koma tsinke milimita 5? Na fi son ƙarin, domin babban tsinke yana faɗaɗa ƙananan ramukan da ke gefen harɗi, iska ta shiga.

Sannan a ƙoli, daga madaukan baya ake fara ragewa ko daga cikin kitson, don kada ya tattare?