NAS ɗina ya ɓace daga kwamfuta bayan na canza masa ɗaki, wa ya taɓa shan wannan wahalar?

Mai Hoton Gwammaja

Salam jama'a, don Allah duk wanda ya taɓa haɗa NAS, wato akwatin ajiyar fayiloli da ake jonawa da rauta, a gida ya shigo ya ba ni labarin yadda ya ƙare da shi, yau kwana uku ban yi barcin kirki ba. Na sayi Synology DS224+ mai cin diski biyu, na sa masa 4TB guda biyu, ranar farko komai lafiya lau, na buɗe find.synology.com ya nemo shi, DSM, manhajar da ke tafiyar da shi, ya sauka, na buɗe folda na juye hotuna da bidiyon biki uku da na ɗauka a watan nan, wajen gig 600, sai ganganci ya ɗebe ni na goge katunan kyamara tunda ina da wani aikin ranar Asabar. To uwargida ta ce ƙyaf-ƙyaf ɗin fitilarsa da ƙarar diski sun dame ta a falo, na ɗauke shi na kai ɗakina na ciki na jona shi da rautar da ke can. Tun daga nan shiru kake ji. Fitilu duk suna kunne, ina jin diski na juyawa, amma laftof ba ta ganinsa, waya ba ta ganinsa, Synology Assistant, manhajar nemo shi, ma ya zagaya ya dawo hannu rabbana. Amarya ɗaya ta kira ni sau huɗu. Akwai wani ɗan rami a bayansa na riset, tun ɗazu na ɗauko allura ina jujjuya ta a hannu, in danna ko kar in danna?

Abban Sadiq, Kaduna

Wa alaikumus salam. Malam ajiye allurar nan tukuna. Ba wai dannawar za ta cinye maka hotuna ba, in ka riƙe daƙiƙa 4 har ya yi ƙara sau ɗaya, saitin netwok da fasawod ɗin admin yake mayarwa yadda suka zo, amma in hannunka na rawa ka sake dannawa cikin daƙiƙa 10 ya yi ƙara uku, to sai ka sake saka DSM gaba ɗaya, fayiloli na nan amma duk saitin da ka yi ya tafi. Kuma ban ga abin da zai ƙara maka ba tunda akwatin bai ce maka yana ciwo ba.

Ni nawa da ya ɓace, adireshi ne ya canza. Rauta ce ke raba wa kowace na'ura lambar IP, kuma aro take bayarwa ba kyauta ba. Nawa yana kan 192.168.1.104, na yi masa folda a Windows da harafin Z, ina jin daɗina, ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita talabijin ɗin falo ya riga shi tashi ya karɓe lambar, shi kuma aka ba shi 107. Z ya fito da jan kuros, na yi ta zagin diski a banza har kwana biyu. Wani yaro a ofishinmu ne ya ce in shiga shafin rautar in duba jerin na'urorin da ke jone, ai kuwa ga shi nan zaune da sabuwar lamba. Na ɗaure masa lamba ɗaya da adireshin MAC ɗinsa, wato lambar shaidarsa ta kamfani, a saitin DHCP, wajen da rauta ke raba lambobin, shekara biyu kenan bai sake gudu ba. Amma kai tsaya, ka ce rautar ɗakinka, kenan rauta biyu gare ka a gidan?

Ɗan Damagaram

Ni tawa wautar ta fi ta kowa. Ba ni da rauta mai ramin waya sam, ɗan MiFi ne na aljihu, sai na ce ai ba komai, na jona NAS ɗin kai tsaye da ordinatar da wayar LAN. Ya ba ni wata lamba mai farawa da 169.254, na ɗauka an gama. Ashe wannan lambar na'ura ce ke ƙirƙira wa kanta in ta nemi mai ba ta adireshi ta rasa, kamar baƙon da ya sauka gari bai samu mai masauki ba ya shimfiɗa tabarma a tasha. Ordinatar tana ganinsa wani lokaci, amma shi ba ya samun rezo, bai iya sauke komai ba, agogonsa ma ba daidai ba. Sai da na sayi rauta mai cin sim mai ramuka huɗu.

Abin da ya fi ba ni wuya dai kuran ne, wato wutar lantarki, da zafi. Watan Afrilu a nan kun san yadda yake, 40 ya wuce, ni kuma don gudun ƙura na rufe shi cikin kabad, ina dawowa daga sallar la'asar na tarar yana kuka ya kashe kansa. Na fito da shi na ɗora kan tebur kusa da fanka, duk wata ina hure masa ƙurar baya. Sannan ku sayi ɗan UPS, wato batirin riƙe wuta, mai ramin USB ku jona shi da NAS ɗin, ba don ya riƙe maka awa biyar ba, don in kuran ya tafi ya gaya wa akwatin ya daina rubutu ya kwanta a tsanake. Sau ɗaya aka yanke min ana cikin juye fayil, da ya tashi ya kwana ya wuni yana duba diskin nan, gabana na faɗuwa.

Injiniya Sola

Ƙari kan maganar ɗan'uwa na Damagaram, masu inbata ku duba saitinku. Da yawa daga cikin inbatocin nan suna da zaɓi biyu, APL da UPS, na farkon yakan ɗauki wajen milisakan 20 kafin ya juya zuwa batir, na biyun wajen 10. Firji da fanka ba ruwansu, amma na je gidan da NAS ke mutuwa ya tashi duk sanda aka ɗauke wuta alhali fitilun gidan ko ƙiftawa ba su yi ba, maɓalli ɗaya na canza aka huta.

Maman Hanif

Sannu Malam mai hoto, Allah ya fito maka da su. Ni ba gwana ba ce, yayana ne ya aiko min da wani tsohon akwatin NAS daga Ingila ya ce in tara hotunan yara da takardun shagona a ciki maimakon cika waya. A burauza yana buɗewa tsaf, amma in na shiga wajen fayiloli na Windows sai ya watso min 0x80070035, har na haddace lambar kamar ta wayar maigidan. Abu uku ne suka haɗu min, kowanne na warware sai wani ya fito.

Na farko laftof ɗin ta ɗauki waifai ɗin gidanmu a matsayin na kasuwa, irin na otal ko filin jirgi, don haka ta rufe ido ba ta neman kowa, sai da na mayar da shi na gida. Na biyu akwatin tsoho ne sosai, yaren da yake ji shi ne SMB1, shi kuma Windows 10 tun sabuntawar 2017 ya daina zuwa da shi a kunne, kuma ta wannan ƙofar ce bairos ɗin WannaCry ya bi ya kulle kwamfutoci a duniya a shekarar, har da na asibitocin Ingila. Wani a intanet ya ce in kunna shi kawai, Yaya ya ce kul, ya sa na sabunta manhajar akwatin na samu SMB2 a ciki na zaɓa. Na ukun ne ya kusa sa ni kuka, na taɓa shiga da sunan admin, daga baya na buɗe wa kaina wani suna, to Windows ba ya yarda ka shiga akwati ɗaya da suna biyu a lokaci guda, kuma ya riƙe tsohon fasawod yana ta turawa a ɓoye har akwatin ya toshe laftof ɗina don ya ɗauka ɓarawo ne. Credential Manager na shiga na goge tsohon, na cire toshewar ta waya, na kashe na kunna.

Ka gwada rubuta lambar kai tsaye a saman wajen fayiloli, sanda biyu masu jingina baya sannan lambar, kamar \\192.168.1.50, kar ka zauna jiran hotonsa ya fito da kansa. Kuma ka tabbata ba a waifai ɗin baƙi kake ba, ni yara na sa a can kuma daga can ba a ganin komai na gidan.

Sarkin Gaggawa

Nawa yana fitowa amma gudun kunkuru, megabait 11 a daƙiƙa ko sama ko ƙasa bai motsawa. Na canza diski, na canza saiti, ashe wayar LAN ce da wani ya matsa min kanta da hannu. Silli takwas ne a ciki, gigabit sai duka takwas sun taɓa, in ɗaya ya kuskure sai su koma megabit 100, wato wajen megabait 11 ɗin nan, da silli huɗu ba tare da sun gaya maka ba. Na sa waya Cat5e ta kamfani ya haura megabait 110. Gig 600 ɗin nan naka a wancan gudun awa 15 ne, a wannan awa ɗaya da rabi. Waya kawai fa.

Baban Gida 77

Hmm. Ku naku duk mai sauƙi ne tunda kayanku na nan. Ni diskin da na tara karatuttukan malamai da hotunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, na ciro daga tsohuwar kwamfuta na zura a sabon NAS, a tunanina zai buɗe min su kamar filashi. Ya rubuto gargaɗi da Turanci cewa duk abin da ke kan diskin zai goge, har da ɗan akwatin da za ka yi wa alama ka amince, ni kuma ina sauri ina danna gaba gaba kamar yadda muka saba. Laifina ne ba na kowa ba. NAS ba ya amfani da tsarin NTFS na Windows a diskin cikinsa, nasa yake shimfiɗawa, ext4 ko Btrfs, don haka sai ya share fili tukuna. Wasu na samo a wayar ƙanwata, wasu sun tafi kenan.

Bayan nan kuma na sha mamaki, 4 da 4 na sa ina jiran 8, ya nuna min 3.6 ko ƙasa kaɗan, har na shirya komawa shago da faɗa. Ashe SHR, tsarin haɗa diski na Synology, da diski biyu madubi ne, abin da aka rubuta a ɗaya shi ake rubutawa a ɗayan, sannan 4TB ɗin kwali da ma 3.63 ne a lissafin kwamfuta. Malam mai hoto, madubin nan in ka goge fayil bisa kuskure duka biyun yake gogewa, in tsawa ta bi waya duka biyun take ci, ka nemi diski na waje ka riƙa kwafa kana ajiyewa a wani ɗakin. Masu sayen diski na hannu kuma ku sa CrystalDiskInfo ku ga awa nawa ya yi yana aiki, na ga wanda aka goge shi fes kamar sabo ya yi sama da awa dubu 30. A tambayi salon rubutun diskin, CMR ne ko SMR, rigimar da aka yi a 2020 kenan da aka gano ana sayar da SMR da sunan diskin NAS, wajen sake gina madubi suke jan ƙafa.

Abban Sadiq, Kaduna

Allah ya jiƙan Hajiya, Baba. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Ɗalibi a Kahira

Amin. Ni tambayata ta waje ce, na bar nawa a gida Katsina ina so in riƙa buɗe shi daga nan Masar. Na bi bidiyo na buɗe fot 5001, wato ƙofar shiga daga waje, a rauta, na yi DDNS, sunan da ke bin lambar gidan ko ta canza, ƙanina ya tabbatar komai daidai, ya ƙi. Sai da na lura lambar da rautar ke nunawa ta waje tana farawa da 100.72, wadda shafukan duba IP ke nuna min kuma daban. Duk lambar da ke tsakanin 100.64 da 100.127 ta CGNAT ce, wato kamfanin layi ya tara ku da yawa a bayan lamba ɗaya, ko ka buɗe ƙofar ɗakinka ƙofar zauren ba a hannunka take ba, kuma layukan sim galibi haka suke. Manhajar Tailscale mai haɗa na'urori ta keɓaɓɓiyar hanya na sa a NAS ɗin da wayata, minti goma ya yi, ba buɗe fot ba komai.

Injiniya Sola

Gara ma da ya ƙi. Masu buɗe fot da barin UPnP, mai buɗe fot da kansa, a kunne su tuna da bairos ɗin Qlocker a 2021 da DeadBolt a farkon 2022, akwatunan da ke leƙe a intanet suka bi suka kulle fayilolin mutane suna neman Bitcoin. A kashe asusun admin na asali, a buɗe wani suna.

Sarkin Gaggawa

Oga ni QuickConnect, hanyar Synology ta shiga daga nesa, ya ishe ni gaskiya, ba zan iya wannan dogon Turancin ba, duk da in ya bi ta sabarsu yana da nauyi wajen bidiyo.

Mai Hoton Gwammaja

Jama'a Alhamdulillahi ya fito!! Abban Sadiq tambayarka ce ta buɗe min kai, Allah ya saka da alheri. Eh rauta biyu ce, ta falo mai sim tana raba 192.168.8, ta ɗaki kuma tsohuwa ce da na ja mata waya don waifai ya kai ciki, na zura wayar a ramin WAN, na shigowar intanet, ashe ita ma ta kafa tata daular tana raba 192.168.0. Laftof da waya sun saba kama ta falo ko ina ɗaki, NAS kuma yana bayan ta ɗaki, gida ɗaya unguwa biyu. Ina canza waifai zuwa ta ɗaki ya bayyana, hotuna ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Yanzu na kashe DHCP ɗin ta ɗakin, na mayar da wayar ramin LAN, na ɗaure masa 192.168.8.20 kamar yadda ka ce.

Baba na ji maganarka, tun kafin in rubuto wannan na aro diskin waje wajen abokina yana kan kwafa, ya ce saura awa biyu. Ɗan Damagaram wane girman UPS ka saya, kuma rautar ma ka jona a kai ko akwatin kaɗai? Allurar na mayar wa uwargida, amarya kuma na ce ta turo ƙaninta bayan isha'i da filashi mai gig 64.